Mia Farrow: 'yar fim ɗin da ta riƙa komawa sansanonin mutanen Darfur

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida, an ba mu aiki a kan fitattun mutanen da ke shiga harkar agaji. Ina cikin bincike na ci karo da hoton wata Baturiya siririya zaune a ƙasa a tsakiyar matan Darfur, an rubuta Mia Farrow, 'yar fim ɗin Amurka. Wace ce ita, wane irin fim ta yi? Sannan tsakani da Allah, irin wannan zuwan nasu yana amfanar talakan da ke sansani kuwa, ko dai neman suna ne in kasuwar fim ta ja baya? Na ji an ce ka yi aiki a gabashin Chadi, shi ya sa na turo maka."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambaya biyu kika haɗa: wace ce matar, kuma me zuwanta ya tsinana. Ta farkon mai sauƙi ce. Ta biyun kuwa ta daɗe tana damuna, tun shekarun da na yi ina aikin yaɗa labarai da tafinta wa wata ƙungiyar agaji a sansanonin da ke bakin iyakar Chadi da Sudan. Ni da ita ba mu taɓa haɗuwa ba, amma na zauna a wuraren da ta riƙa zuwa, na kuma tarbi baƙi irinta da dama.

An haife ta a birnin Los Angeles ranar 9 ga Fabrairu, 1945, a gidan da fim ne sana'a. Mahaifinta John Farrow darakta ne, asalinsa mutumin Ostareliya. Mahaifiyarta Maureen O'Sullivan 'yar Ailan ce, ita ce ta riƙa fitowa a matsayin Jane a tsofaffin finafinan Tarzan. Ki riƙe abu ɗaya daga yarintarta, domin shi ne bakin zaren duk abin da ya biyo baya: tana da shekara 9 cutar shan-inna ta kama ta, aka keɓe ta a asibiti na makonni, nesa da iyaye da 'yan'uwa. Ta warke ba tare da ta nakasa ba, amma ta kwana ɗaki ɗaya da yaran da ba su tashi ba. Bayan 'yan shekaru yayanta ya rasu a hatsarin jirgin sama, mahaifinta kuma ya bi shi a 1963 tana da shekara 17. Dole ta fita neman na kanta.

Talabijin ne ya fito da ita. A 1964 aka fara wani shiri mai dogon zango, Peyton Place, ta fito a matsayin wata budurwa mai sanyin hali, Amurkawa suka kamu da son ta. A 1966 ta auri shahararren mawaƙi Frank Sinatra, tana da shekara 21 shi yana da 50. Auren bai yi ƙarko ba, kuma fim ne ya kashe shi. Tana tsakiyar aikin Rosemary's Baby, wanda Roman Polanski ya ba da umarni, mijin ya nemi ta bar shi ta zo ta fito a nasa fim ɗin. Ta ƙi, aka kawo mata takardun saki har wurin ɗaukar fim. Fim ɗin ya fito a 1968, har gobe kuma ana lissafa shi cikin manyan finafinan ban tsoro. Labarin wata matashiya ce mai juna biyu da ta fara zargin mijinta da maƙwabtanta sun haɗa baki da matsafa a kan abin da ke cikinta, kowa yana ce mata ruɗani ne irin na masu ciki. Babu jini birjik, babu dodo mai fitowa daga lungu. Tsoron duka a fuskarta yake, yadda take ramewa, idanunta suna faɗawa, muryarta tana ƙara ƙanƙancewa duk lokacin da aka ƙaryata ta. Ba na yara ba ne, amma in kina son sanin iyawarta, daga nan za ki fara.

A 1974 ta fito tare da Robert Redford a The Great Gatsby, a shekarar ce kuma hotonta ya hau bangon fitowar farko ta mujallar People. Ta yi wasan dandamali a Ingila a lokacin aurenta da mai kiɗa André Previn. Daga 1982 zuwa 1992 ta yi finafinai 13 da darakta Woody Allen, wanda suke tare a lokacin. A cikinsu wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne The Purple Rose of Cairo na 1985, inda ta fito a matsayin mai kai abinci a gidan cin abinci a zamanin matsin tattalin arzikin Amurka, ga miji marar tausayi, ba ta da wurin samun sauƙi sai silima, har wata rana jarumin fim ɗin ya fito daga majigi ya same ta. Duk da wannan tarin aiki, ko sau ɗaya ba a taɓa sa sunanta cikin masu takarar lambar Oscar ba, abin da masu sharhin fim suka daɗe suna mamaki. Kuma ba ta ajiye sana'ar ba: ta fito a shirin The Watcher na Netflix a 2022, ta koma wasan dandamali a Broadway na birnin New York a 2024 tana dab da cika tamanin.

Akwai batun gidanta, wanda ba zai yiwu ki yi rubutu a kanta ki tsallake ba. Ta raini 'ya'ya 14, huɗu ta haifa, goma ta ɗauko riƙo daga ƙasashe irin su Biyetnam da Koriya da Indiya, wasu masu lalurar nakasa, ciki har da wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu. Uku daga cikinsu sun riga ta gidan gaskiya. A 1992 zamanta da Woody Allen ya watse da mummunar rigima, bayan ta gano yana soyayya da ɗaya daga cikin 'ya'yan riƙonta, wadda ya aura daga baya. Wata ƙaramar 'yarsu ta riƙo kuma ta zarge shi da cin zarafinta. Shi ya musanta, ba a gurfanar da shi kan zargin ba, kotu dai ta bar wa uwar riƙon yaran a 1993. Daga baya biyu daga cikin 'ya'yan riƙon sun fito sun ce ita ma ta musguna musu, sauran 'yan'uwansu suka ƙaryata. Shawarata gare ki a matsayin mai koyon jarida: ki kawo abin da kowane ɓangare ya faɗa da abin da kotu ta yanke, ki tsaya nan. Ba huruminmu ba ne mu yanke hukuncin cikin gidan da ba mu shiga ba.

Daga shan-inna zuwa Darfur

A shekarar 2000 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya naɗa ta jakadiyarsa, kuma yaƙi da shan-inna ta fara sa wa hannu. A farkon 2001 ta zo Najeriya domin gangamin rigakafi. Mu da muka ga abin da ya biyo baya, yadda aka dakatar da ɗigon rigakafin a Kano da wasu jihohi a 2003 sai a 2004 aka dawo da shi, da yadda sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, mun san ba ƙaramin aiki ba ne. Rabonta a ciki kaɗan ne. Matan da suka riƙa bin gida-gida da akwatin ƙanƙara a rataye, da sarakuna da malaman da suka tsaya suka shawo kan jama'a, su suka ɗauki nauyin. Sai dai ita ba ta zo tana karanta takardar da aka rubuta mata ba, cutar ta kwana a jikinta, ta kuma raini ɗan da ta gurgunta.

Darfur ce ta zame mata aikin rayuwa. Yaƙin ya ɓarke a 2003 da ƙungiyoyin tawaye biyu suka ɗauki makamai a kan gwamnatin shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir. Gwamnati ta mayar da martani da jiragen sama da mayaƙan Janjawid, aka riƙa ƙone ƙauyukan Fur da Masalit da Zagawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutuwar kimanin mutum 300,000, ciki har da waɗanda yunwa da cuta suka kashe, gwamnatin Sudan kuwa ta ce ba su wuce 10,000 ba. Fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka tsallaka Chadi. Ƙasar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ta Janaina da Fashir kakanninmu suka riƙa ratsawa da ƙafa zuwa aikin hajji, wasu suka zauna a hanya, zuriyarsu na nan har yau. A Abuja aka sa hannu a yarjejeniyar sulhun 2006, sojojin Najeriya sun rasa rayuka a can, kuma Janar Martin Luther Agwai ne kwamandan farko na rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka.

Mia Farrow ta fara zuwa Darfur a 2004. Daga nan ta riƙa komawa yankin, musamman gabashin Chadi da Afirka ta Tsakiya, sau da yawa, shekara bayan shekara.

Bari in ba ki hoton yadda zuwan fitaccen baƙo yake daga ciki, don ki gane dalilin da ya sa na ja layi a kan wannan komawar. Tun ana saura kwana uku ake sanar da mu. A share harabar asibiti, a zaɓi mata uku ko huɗu masu iya ba da labari, a gaya wa shugabannin unguwannin sansani su sa rawani. Da hantsi sai ki hango ƙura daga nesa, fararen motoci a jere. Baƙo ya sauko, ya tsuguna, ya ɗauki jariri, a yi hoto. Matar da aka zaɓa ta sake faɗin yadda aka kashe mijinta a gabanta, labarin da wataƙila ta faɗa sau goma ga baƙi goma, ni ina mayarwa da Turanci. Kafin la'asar an koma filin jirgi saboda dokar tsaro. Akwai ranar da muka raka wani irin wannan baƙon, motoci suka tashi, wata tsohuwa da ke layin famfo da jarkarta ta riƙo hannun rigata ta tambaye ni da Larabcinsu: "Wannan zai dawo?" Na ce Allah ne masani. Ta saki rigar, ta ja jarkarta gaba. Bai dawo ba. Tun daga ranar, da tambayar tsohuwar nan nake auna duk wani mai suna da ya zo agaji, kuma a wannan ma'aunin Mia Farrow ta ci. Mai neman suna zuwa ɗaya ya ishe shi, hoton bai tsufa. Ba wanda zai yi ta komawa wurin da ake kwana da zafi da zazzaɓi da fargabar 'yan bindiga, yana da shekara sittin da ɗoriya, don kawai a gan shi a jarida.

Inda ta taɓa wurin da ke ciwo

Niyya daban, sakamako daban, don haka mu duba abin da ya fito. Babban abin da ta yi ya faru a Maris 2007, lokacin da ita da ɗanta Ronan Farrow suka rubuta sharhi a jaridar Wall Street Journal suka laƙaba wa gasar Olamfik da Beijing, babban birnin Sin, ke shirin karɓa a 2008 sunan gasar kisan ƙare dangi. Lissafinsu mai sauƙi ne. Sin ce babbar mai sayen man Sudan, tana sayar mata da makamai, tana kuma kare ta a Kwamitin Sulhu. Al-Bashir bai damu da abin da Amurka za ta ce ba. Sin kuwa ta zuba dukiya da martabarta a wannan gasa, ba ta son ko ɗigon baƙi a kai. A cikin sharhin suka kama sunan shahararren daraktan fim Steven Spielberg, wanda yake ba da shawara kan bikin buɗe gasar, suka tambaya ko yana so tarihi ya haɗa shi da matar da ta yi wa Hitler fim ɗin gasar Berlin ta 1936. Magana ce mai zafi, wasu ma sun ce ta wuce gona da iri. Amma ta ratsa. Spielberg ya rubuta wa shugaban Sin na lokacin, Hu Jintao, wasiƙa, a Fabrairun 2008 kuma ya ajiye aikin gaba ɗaya saboda Darfur. A tsakanin nan Sin ta naɗa manzo na musamman, Liu Guijin, a watan Mayun 2007, sannan ranar 31 ga Yuli ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙuduri mai lamba 1769 da ya kafa rundunar haɗin gwiwar.

Ba zan ce mata ɗaya ce ta juya ƙasa kamar Sin ba. Akwai matsin gwamnatoci, akwai ƙungiyoyi barkatai, akwai lissafin Sin na kanta game da makomar man da take samu daga Sudan. Abin da na tabbata shi ne ta gano inda mai ƙarfi yake jin kunya, ta danna wurin a daidai lokacin da ya dace. Mu ma'aikatan agaji ba mu isa mu furta irin wannan kalma ba, domin da mun furta, gobe za a kore mu a bar mutane ba abinci. Ita ba ta da sito da za a rufe, ba ta da lasisin da za a ƙwace. Wannan shi ne ainihin amfanin mai suna a irin wannan aiki.

A 2007 ɗin ta kuma rubuta wa al-Bashir tana tayin a tsare ta a madadin Sulaiman Jamus, dattijon da ke kula da harkar agaji a ɓangaren 'yan tawaye, wanda ya maƙale a wani asibitin Majalisar Ɗinkin Duniya yana buƙatar fita neman magani. Ba a karɓi tayin ba, amma ba a daɗe ba aka bar shi ya fita.

Sai 2009. Ranar 4 ga Maris kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta ba da sammacin kama al-Bashir, shi kuma ya huce a kan talakawa, ya kori ƙungiyoyin agaji 13 na waje. A ƙarshen Afrilu Mia Farrow ta shiga yajin cin abinci, ruwa kawai take sha. Ta yi kwana 12 likita ya tsayar da ita, attajirin nan na Birtaniya Richard Branson ya karɓa na 'yan kwanaki. A nan iyakar abin ta bayyana. Yajin ya shiga labarai, amma bai sa Khartoum ta janye ba. Wanda ba ya jin kunyar duniya, yunwar wata Ba'amurkiya ba ta hana shi barci.

Akwai kuma suka mai nauyi da ya kamata ki sa a aikinki. Masanin nan ɗan Yuganda Mahmood Mamdani ya fitar da littafi a 2009 yana cewa gangamin ceton Darfur na Amurka ya mayar da rikici mai sarƙaƙiya labarin mugu da nagari, "Larabawa" suna kashe "'yan Afirka". Duk wanda ya zauna a can ya san abin ya fi haka. Ɓangarorin biyu Musulmi ne, baƙaƙe ne, sun yi auratayya. A ƙarƙashin siyasar Khartoum akwai fari da ya koro makiyayan raƙuma daga arewa, da rigimar fili da mashaya, abin da ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. 'Yan tawayen ma sun rarrabu sun yi nasu ta'asar. Sannan mafi munin kisan an yi shi ne a 2003 da 2004, gangamin kuwa ya yi ƙarfi bayan haka. Na yarda da yawancin wannan suka. Inda na rabu da masu ita shi ne in an yi amfani da sarƙaƙiyar don a sassauta laifin gwamnatin da ta jefa wa ƙauyukanta bama-bamai. Na ga tabon a jikin mutane da idona. Iyakar sanina dai sansanonin Chadi ne, kuma wanda ya zauna cikin waɗanda aka kora dole labarinsu ya fi rinjaye a kunnensa, ki auna maganata da wannan.

A 2010 ta sake fitowa a labarai da ta ba da shaida a shari'ar tsohon shugaban Laberiya Charles Taylor a Hague, kan batun lu'ulu'un da aka ce ya aika wa fitacciyar mai tallan kayan sawa Naomi Campbell bayan wata liyafa a gidan Nelson Mandela a 1997.

Aikinta da ba a cika ambata ba shi ne ya fi burge ni. Daga 2009 ta riƙa shiga sansanoni da kyamara tana naɗar waƙoƙi da raye-raye da tatsuniyoyi da dabarun noma na ƙabilun Darfur, haɗe da shaidar waɗanda suka tsira. An adana su a Jami'ar Connecticut. Sai wanda ya zauna a sansani zai san darajar wannan. Na san wani dattijo, manomin gero a ƙauyensu, da yake zama a gindin bukka yana nuna wa jikokinsa yadda ake riƙe hauya a kan ƙasar da ba tasu ba, wadda ba a ba su izinin nomawa ba. Yaran suna dariya, domin su a saninsu hatsi daga buhu yake fitowa ranar rabo, in an nuna kati. Cikin shekara goma sana'a da waƙar aiki da sunayen iri duk suna iya bin tsofaffi kabari. Ita ta lura da wannan asarar, ta zauna a ƙasa ta saurara.

To, ko zuwanta ya amfani talakan sansani? Ya taimaka an ci gaba da turo kuɗin abinci da magani a shekarun da duniya ta so ta manta, ya taimaka wajen matsin da ya kai ga tura dakaru. Bai mayar da kowa gida ba. An hamɓarar da al-Bashir a Afrilun 2019 ba tare da ya gurfana a Hague ba, a Afrilun 2023 kuma sabon yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, waɗanda tushensu Janjawid ɗin nan ne. Aka sake yi wa Masalit kisan gilla a Janaina, mutane suka sake kwararowa garin Adre da ƙafa. Sansanonin da aka kafa a 2004, irin su Farshana da Bredjing da Jabal, suna nan, jariran da na gani a goye yanzu su ne iyaye. Abin da nake fatan gani shi ne a riƙa ɗauko waɗannan faya-fayan daga Connecticut ana haska musu da dare a filin sansani, su ga kakanninsu suna rawa, su ji waƙar da ake yi ranar girbi a ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba.